Sayar da tsofaffin kaya a Vinted da eBay: shin yana taɓa kuɗin tallafi a Birtaniya?

Tun watan Janairun 2024 wata magana ke ta zagaye tsakanin 'yan uwanmu mazauna Birtaniya, musamman mata, wai an fito da sabuwar doka, duk wanda ya sayar da kaya talatin a Vinted ko eBay, manhajojin saye da sayarwa ta intanet, za a kai sunansa wajen gwamnati, a yanke masa kuɗin tallafi, ƙila ma a ce ya dawo da na baya. Mutane suka tsorata sosai, wata ta tara kayan da suka yi wa yara kaɗan a ƙarƙashin gado ta kasa sayarwa, wata kuma ta koma sayarwa da sunan ƙanwarta, wanda shi ne ma ya fi hatsari, zan zo kansa. Maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma an cakuɗa abu biyu ne wuri guda. Haraji daban, tallafi daban. HMRC ce ke karɓar haraji, DWP ce ke ba da tallafi, kowace da dokarta da lissafinta, kuma lambar da ke aiki a wajen wannan ba lallai ta yi aiki a wajen waccan ba.

Abin da ya faru a 2024 ɗin shi ne, daga 1 ga Janairu aka wajabta wa kamfanonin da ake ciniki a kansu irin su eBay, Vinted, Etsy, Depop da Airbnb su riƙa tattara bayanan masu sayarwa suna miƙa wa HMRC sau ɗaya a shekara. Rahoton farko ya tafi ne a ƙarshen Janairun 2025. Wanda ya sayar da ƙasa da kaya 30 a shekara kuma kuɗin bai wuce yuro 2,000 ba (wajen fam 1,700 kenan) ba a sa shi a rahoton. Shi ya sa idan ka haura wannan layin sai ka ga manhajar ta fara tambayarka lambarka ta National Insurance, wato lambar da hukumar haraji ke gane ka da ita. Kuma ba Birtaniya ce ta ƙirƙiro abin ita kaɗai ba, tsari ne na OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, ƙasashen Tarayyar Turai ma sun fara nasu tun 2023. Toh amma lura da kyau, wannan layin na kai rahoto ne kawai. Ba a ƙirƙiri sabon haraji ba, HMRC da kanta ta fito ta faɗi haka, kuma babu inda dokar tallafi ta ce kaya 30. Mutum zai iya sayar da rigunan jarirai tamanin a fam bibbiyu, sunansa ya tafi HMRC, amma ko kwabo ba a binsa, kuma tallafinsa na nan daram.

Yanzu mu koma wajen DWP, don nan ne ainihin tsoron mutane yake. Babban tallafin da yawancin masu shekarun aiki ke karɓa shi ne Universal Credit, wanda aka fara shi a 2013 don ya haɗiye tsofaffin tallafi guda shida. Ana lissafa shi wata-wata, kuma duk wani kuɗi da ya shigo hannunka sai an jefa shi a ɗayan kwando biyu: ko dai kuɗin shiga ne, wato abin da ka samu ta hanyar aiki ko sana'a, ko kuma dukiya ce, wato ajiya da kadara. Duk rigimar nan a kan wane kwando za a jefa kuɗin cinikinka take. Idan aka jefa shi a kuɗin sana'a, ana rage maka kwabo 55 a kowane fam ɗaya da ka samu. Idan aka jefa shi a dukiya, sau da yawa babu abin da zai faru kwata-kwata.

Kayan jikinka da na gidanka, tufafi, kujeru, talabijin, waya, keken yara, har motar hawa, dokar Universal Credit ba ta ƙirga su a cikin dukiyarka matuƙar suna nan a matsayin kayan amfani. Ranar da ka sayar da su kuwa, ba riba ka ci ba, kayan ne suka rikiɗe suka zama kuɗi, takalmin da ka saya fam 60 ka sayar fam 15 ai asara ma ka yi. Don haka ba a ɗaukar wannan kuɗin a matsayin kuɗin shiga, dukiya ce, sai a haɗa shi da sauran abin da kake da shi a banki a ga nawa ya tashi. Wannan kamar matar gida ce da ta ba dillaliya tsofaffin zannuwanta ta sayar mata, ba wanda zai ce matar gidan ta zama 'yar kasuwa, ita dillaliyar ce mai sana'a. DWP ma wannan bambancin take nema, wace ce kai a cikin su biyun.

Ga lambobin. Idan duk ajiyarka ba ta wuce fam 6,000 ba, ba ta taɓa tallafinka ko kaɗan. Daga 6,000 zuwa 16,000, kowane fam 250 da ya ɗoru a kai (ko da bai cika 250 ɗin ba) ana cire maka fam 4.35 a wata. Idan ta haura 16,000 kuwa shikenan, Universal Credit ya tsaya cak, ba wai raguwa ba. A ce wata tana da fam 900 a asusunta, ta kwashe kayan ɗakin ajiya ta sayar ta samu 400, ta tashi da 1,300, wallahi babu abin da ya shafe ta, ta kwanta ta yi barcinta. A ce kuma wani yana da 5,800 yana tara kuɗin tikitin zuwa gida da iyali, sai ya sayar da tsohuwar kwamfuta da keke ya samu 500, ya zama 6,300 kenan, ɗari ukun da ta ɗoru kashi biyu ce a lissafinsu, za a cire fam 8.70 a wata. Ba wani kuɗi ba ne, amma dole ya shiga asusunsa na Universal Credit ya sanar, don rashin sanarwar ce ke jawo matsala ba fam takwas ɗin ba.

Akwai abubuwan da mutane ke mantawa wajen haɗa lissafin nan. Na farko, miji da mata da ke zaune tare lissafinsu ɗaya ne, ba wai kowa da nasa dubu shida ba, wannan kuwa yana ba mutanenmu mamaki don mu a al'adarmu da addininmu dukiyar mace tata ce, mijin ma sau da yawa bai san nawa ne a asusunta ba, amma su DWP ba ruwansu, gida ɗaya aljihu ɗaya. Sannan kuɗin da ke zaune a PayPal ko a cikin jakar Vinted da ba ka tura banki ba tukuna, shi ma dukiya ne. Tsabar kuɗi a ƙarƙashin katifa dukiya ce. Kuma wanda ya fi kama mutane: kadara a ƙasar waje ana ƙirga ta. Fili a Kano ko gida a Maradi ko asusun banki na naira, a doka duk suna shiga, ana dai la'akari da ƙimarsu da yadda za a iya sayarwa a fito da kuɗin. Mutum na iya ganin fam 700 na cinikin kaya ba komai ba ne, alhali dama can yana gab da layi bai sani ba.

Inda abin ke yin tsanani shi ne kayan da ke da tsada, kuma a gidajenmu wannan na nufin gwal. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na lefe, ko wanda aka gada daga uwa, muddin suna cikin akwati ana sawa ranar biki ko suna, kayan jiki ne. Ranar da matsi ya sa aka kai su aka sayar, ga shi kuma farashin gwal ya yi tashin gwauron zabi a shekarun nan, sai ka ga dubban fam sun faɗo asusu lokaci guda. Matar da ba ta da komai jiya, yau tana da 9,000, ba don ta yi arziki ba, abin wuyanta ta rabu da shi, amma a lissafi ta haura layi da 3,000, kashi goma sha biyu kenan, fam 52.20 duk wata har sai kuɗin ya sauko. Idan kuma ya haura 16,000 tallafin ya tafi gaba ɗaya, har da na kuɗin haya da ke cikinsa. Haka mota, wanda ya sayar da motarsa don ya sayi wata ƙarama, ragowar kuɗin da ya zauna a banki ana ƙirga shi. Ta ɓangaren haraji ma kayan tsada na da nasu hukuncin, idan ka sayar da abu guda ko saiti guda sama da fam 6,000 kuma ka ci riba a kan yadda aka saye shi, harajin ribar kadara na iya hawa kanka, sai dai motar hawa ba ta ciki. Ka ga wannan wata dubu shidan ce daban, ta HMRC, ba ta da alaƙa da ta DWP, lamba ce kawai ta zo ɗaya, kuma tana cikin abin da ke ƙara rikita mutane.

Sai mutum ya ce toh ai da sauƙi, in kuɗin ya shigo sai in yi maza in kashe, ko in tura gida. A nan ma akwai tarko. Dokar ta ce idan aka ga ka rabu da dukiya da gangan don ka samu tallafi ko ka ƙara shi, za a yi maka lissafi kamar har yanzu kuɗin na hannunka. Amma dokar ta Universal Credit ta yi sassauci a abu biyu ƙarara: biyan bashin da ake binka, da sayen kaya ko biyan wani aiki da ya dace da halin da kake ciki. Wato idan ka sayar da gwal ka biya bashin katin banki, ko bashin haya, ko ka sayi firji saboda tsohon ya mutu, ba laifi. Wanda ke da wuyar karewa shi ne kyauta. Ka tura wa ƙaninka fam 4,000 ya ja jari, ko ka ba da gudummawar auren 'yar yayarka, a wajenmu wannan zumunci ne kuma kusan dole ne, wanda bai yi ba sai an zage shi a dangi, amma jami'in da ke zaune a ofis zai tambaya ne me ya sa kuɗin ya fita daidai lokacin da zai rage maka tallafi. Ba wai kai tsaye an same ka da laifi ba, niyya ake dubawa, amma kai ne za ka yi bayani, kuma bayani ba takarda a ƙasar nan bai cika tasiri ba. Bashin da ɗan uwa ya ba ka da baki ma haka, gara a samu ko saƙon waya ne da ke nuna an ranta maka kuma yaushe. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya ga ajiyarsa ta kusa 16,000 ya ruga ya sayi gwal don ya ɓoye kuɗin a matsayin kayan jiki, shi ma ana iya ƙirga masa.

Toh yanzu ɗaya kwandon, sana'a. Yaushe ne mai rage kayan gida ke zama ɗan kasuwa? Babu wata lamba da aka yanke, babu kaya talatin babu ɗari. Abin da ake dubawa alamomi ne, kuma tsofaffi ne, kotunan haraji suka gina su shekara da shekaru: shin ka sayi abin ne da niyyar sayarwa? kana maimaitawa? kana gyara shi ko ƙara masa wani abu don ya yi tsada? tsawon wane lokaci ya zauna a hannunka? irin kayan da mutum ke saya don kansa ne, kuma da yawan da mutum ke saya don kansa? Akwai wata shari'a ta 1929 da ɗaliban haraji ke son ambatawa, wani mutum mai suna Rutledge ya je Berlin ya sayo takardar bayi nadi miliyan ɗaya ya sayar a tashi ɗaya ya ci riba mai tsoka, ya ce ai sau ɗaya ya yi don haka ba kasuwanci ba ne, kotu ta ce malam babu mai sayen wannan adadin don amfanin gidansa. Ciniki ɗaya tak ya zama kasuwanci. Ita kuwa mai sayar da kayan yaranta guda ɗari da suka tsufa a jikinsu ba 'yar kasuwa ba ce. Niyyar ranar saye ita ce maganar.

Kuma gaskiya a nan ne da yawa daga cikin matanmu suke, ko sun sani ko ba su sani ba. An je gida hutu an dawo da akwati biyu na atamfa da leshi da mayafai, ana sa hoto a status ana sayar wa ƙawaye. Ana haɗa turaren wuta da humra a kicin ana aikawa Manchester da Birmingham. Ana ɗinki, ana ƙunshi, ana cincin da dubulan na suna. Wani kuma yana zagaya shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da kasuwannin bayan mota na ranar Lahadi yana tsinto kaya da araha yana ɗorawa a eBay. Duk wannan sana'a ce, ko riba fam talatin ce a wata, ko a WhatsApp ake yi ba a Vinted ba, ko hannu da hannu ake biya. Rashin kai rahoto daga kamfani bai mayar da shi ba sana'a ba.

Ga babban kuskuren da na fi ganin yana yawo: wai ai an yafe fam 1,000. E, an yafe, amma wa ya yafe? HMRC ce. Tun 2017 akwai rangwamen da ya ce idan duk cinikin ƙaramar sana'arka a shekarar haraji bai wuce fam 1,000 ba, ba sai ka yi rajista ko ka biya haraji ba (kuma cinikin ake nufi gaba ɗaya, ba ribar ba). A Maris 2025 gwamnati ta ce za ta ɗaga layin cike takardar haraji zuwa fam 3,000 nan gaba, sai wannan ma ya shiga jita-jita. Amma Universal Credit bai san da wannan rangwamen ba sam. A wajen DWP, mai sana'ar kansa zai sanar cewa yana sana'a, sannan duk wata ya shigar da abin da ya shigo da abin da ya kashe a kan sana'ar, kuɗin sari, kuɗin aikawa, ledar naɗi, kason da manhaja ta cire, har watan da bai sayar da komai ba sai ya rubuta sifili. Abin da ya rage shi ne riba, a kansa ake cire kwabo 55 a fam.

Ba kowa ne ma cirewar ke taɓawa ba. Wanda ke da yara a hannunsa, ko aka tabbatar rashin lafiya ta rage masa ƙarfin aiki, yana da wani kaso da zai samu kafin a fara cirewa, a alƙaluman shekarar 2025/26 fam 411 ne a wata ga mai karɓar taimakon haya, 684 ga wanda ba ya karɓa. Kenan uwa mai yara da ba ta wani aikin, tana cin ribar fam 150 a wata a turaren wuta, idan ta sanar babu abin da za a cire mata. Abin takaicin kenan, mutane na ɓoye abin da in sun faɗa ba za su yi asarar komai ba, su mayar da halal ɗinsu abin tuhuma. Idan kuma mijin na aiki albashinsa ya riga ya cinye wannan kason, toh ribar 150 ɗin za ta rage tallafin da fam 82.50, saura 67.50 a hannu. Da ciwo, amma dai ba a koma baya ba.

Akwai wani mataki kuma da ya kamata mai niyyar mayar da abin babbar sana'a ya sani tun kafin ya shiga. Idan DWP ta yanke cewa wannan ita ce ainihin sana'arka, tsararriya, kullum kana yi, kana sa ran riba, za a daina matsa maka neman aiki, yawanci a ba ka wata 12 na farawa ana lissafi da ainihin ribarka. Bayan nan sai a fara ɗauka cewa kana samun aƙalla abin da mai mafi ƙarancin albashi zai samu a awannin da ake sa ran ka yi, ko ka samu ko ba ka samu ba. Ga wanda ake sa ran awa 35 a mako, a kan mafi ƙarancin albashi na fam 12.21 a awa na Afrilun 2025, ya haura fam 1,800 a wata kafin a cire haraji. Ka sayar da atamfa ka ci ribar 500, a yi maka lissafi kamar ka samu ninkin haka sau uku, tallafin ya zube. Ni a ganina wannan ƙa'idar ta fi kowace tsauri a kan ƙananan 'yan kasuwa, don ciniki ba albashi ba ne, watan azumi da sallah kasuwa ta buɗe, watan Fabrairu ko ƙuda babu.

Sauran tallafin kowanne da halinsa, kar a yi musu kuɗin goro. PIP na masu naƙasa ko doguwar jinya ba ya duba dukiya ko kuɗin shiga, ka sayar da duk kayan gidanka ba zai ragu ba, sai dai in sana'ar da kake yi ta saɓa wa abin da ka faɗa game da lafiyarka, wannan wata maganar ce. Kuɗin yara na Child Benefit ba ruwansa da ajiya, sai kuɗin shigar ɗayan iyaye ya haura fam 60,000 a shekara ake fara karɓe shi ta hanyar haraji. Dattawa masu Pension Credit layinsu fam 10,000 ne, sama da haka ana ɗaukar kowane 500 kamar yana kawo fam ɗaya a mako. Wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne mai karɓar Carer's Allowance, kuɗin kula da mara lafiya, don shi ba a rage shi a hankali, layi ne guda, fam 196 a mako a shekarar 2025/26, ka haura da kwabo ɗaya na makon ya tafi duka, kuma dubban mutane sun tsinci kansu da bashi mai nauyi ta wannan hanyar har abin ya zama abin kunya ga gwamnati ta sa aka yi bincike. Tsofaffin kayanka ba sa shiga wannan lissafin, ribar sana'a tana shiga. Rangwamen harajin kansila, wato harajin gida da ake biya wa ƙaramar hukuma, kuwa kowace ƙaramar hukuma a Ingila da nata tsarin, wasu layin ajiyarsu ya yi ƙasa da 16,000 sosai.

Wani abu kuma da ya shafi mutanenmu kai tsaye, da yawa daga waɗanda suka zo shekarun nan da bizar karatu ko ta aikin kula da tsofaffi ba su da izinin karɓar kuɗin gwamnati tun asali, an rubuta a sharaɗin bizarsu, don haka maganar Universal Credit ba tasu ba ce. Amma bambancin nan na kayanka da kayan sayarwa ya fi musu muhimmanci ma, saboda bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai da kasuwanci gaba ɗaya. Ɗalibi ya sayar da tsohuwar wayarsa ko littattafansa ba komai, ya fara sarin wayoyi yana sayarwa kuwa ya taɓa sharaɗin zamansa a ƙasar, wannan ya fi yankan tallafi muni nesa ba kusa ba.

Ta yaya ake ganewa? Mutane na zaton akwai wani jami'i da ke zaune yana leƙa shafinsu na Vinted. Yawanci ba haka ba ne, ta takardun banki abin ke fitowa. DWP ta ɗauki dubban ma'aikata suna bitar masu karɓar Universal Credit ɗaya bayan ɗaya, sai kawai ka ga saƙo a asusunka ana neman bayanan banki na wata huɗu na duk asusun da kake da su, wani lokaci har PayPal, sannan a kira ka a waya ana bin layi-layi, wannan fam 35 daga ina, wannan 120 wa ya turo. HMRC da DWP kuma dama suna musayar bayanai, ta haka ne ma albashinka ke bayyana a lissafin tallafi ba tare da ka faɗa ba. Sannan a Janairun 2025 gwamnati ta gabatar da dokar da ke sa bankuna su riƙa nuna asusun masu tallafi da alamu suka nuna sun haura layin dukiya. Don haka masu cewa ai ba za a gani ba, lissafin da ne suke yi.

A irin wannan bitar, wanda ya rage kayan gidansa kawai ba shi da abin tsoro in zai iya nunawa, kuma nunawar ba wuya. Tarihin cinikinka na nan a manhajar, hoton rigar da aka sa aka wanke, girman takalman da ke bin shekarun yaranka, farashi ƙasa da na shago. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye don wani lokaci ana rufe asusu komai ya ɓace. Abu mai tsada ka ajiye rasit ɗin saye da na sayarwa. Wanda ke shan wahala shi ne wanda ya gwamutsa komai a asusu ɗaya, ga tsofaffin kayan yara, ga sababbin mayafai iri ɗaya kala goma sha biyu da lakabinsu a jiki, ga kuɗin adashi na mutum takwas na shigowa duk wata saboda ita ce uwar adashi, ga kuɗin da wani ya turo a kai wa mahaifiyarsa a gida. Kowanne da bayaninsa na gaskiya, amma a idon wanda bai san adashi ba, wannan asusun 'yar kasuwa ce da ke ɓoye ciniki. Kuɗin da ka riƙe wa wani amana ba naka ba ne a doka, sai dai kai za ka tabbatar da hakan. Nan ne kuma maganar sayarwa da sunan ƙanwa ke dawowa: kin ɗora mata cinikin da ba nata ba, sunanta ne zai tafi HMRC, in tana karɓar tallafi ita za a titsiye, in kuma aka gano kuɗin naki ne, abin da da farko ba laifi ba ne yanzu ya yi kama da shiri.

In an samu an biya ka fiye da haƙƙinka, za a karɓe, kuma a Universal Credit ana karɓewa ko da kuskuren daga wajensu ne, ana cira daga tallafin wata-wata, tun Afrilun 2025 yawanci ba a wuce kashi 15 cikin ɗari na ainihin kason mutum. In sakaci ne aka ƙi sanarwa ana iya ƙara tarar fam 50. In aka ɗauke shi zamba ce, tarar rabin kuɗin ce, mafi ƙaranci fam 350, mafi yawa 5,000, ko a tafi kotu, kuma ga wanda ke shirin neman takardar zama ɗan ƙasa irin wannan tabon ba ƙaramin abu ba ne. Amma jami'i ma yana kuskure, yana iya jefa kuɗin tsohuwar kujerarka a kwandon sana'a. In haka ta faru kana da wata ɗaya ka nemi a sake duba hukuncin, in ba su gyara ba ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta, kyauta ce, kuma ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice na taimakawa wajen rubutawa ba tare da an biya ba.

Abin da ni ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne layin 6,000 da 16,000 ɗin nan tun 2006 aka sa su, ba a taɓa ɗaga su ba, alhali haya da abinci da wuta duk sun yi sama. Dubu shida yanzu kuɗin ajiyar kama haya ne da tikitin iyali zuwa gida sau ɗaya, ba dukiya ba. Kullum ƙarin talakawa ke matsowa kusa da layin ba don sun samu ba sai don kuɗin ya rage daraja, shi ya sa cinikin tsohuwar waya da a 2006 ba zai dami kowa ba yau yake iya tura mutum ya haura. Lambobin albashi da na kason da ake yafewa kuwa suna canzawa duk Afrilu, don haka wanda zai yi lissafin kansa ya duba na shekarar da yake ciki a shafin gov.uk, in kuma abu ne babba kamar gwal ko mota, ya rubuta a asusunsa na Universal Credit abin da ya sayar da nawa da ranar, ya ɗauki hoton saƙon ya ajiye.